Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Sa Mutum Jin Daɗi

Maganar yau a kan ƙwaƙwalwa ce da jin daɗi.

Idan mai ƙishirwa ya sha ruwan randa, ko mai yunwa ya ci tuwo, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa daɗin da yake ji. Harshe da ciki saƙo kawai suke aika mata. Amfanin daɗin shi ne mutum ya riƙa komawa ga abin da zai raya shi.

A shekarar 1954, a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, masana biyu, James Olds da Peter Milner, sun sa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar ɓera. Duk lokacin da ɓeran ya taka wani ɗan ƙarfe, sai 'yar wutar lantarki ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwarsa. Ɓera ya yi ta takawa, sau ɗaruruwa cikin awa ɗaya. Ta haka aka gano hanyar lada a ƙwaƙwalwa.

A wannan hanya akwai wani sinadari mai suna dofamin. Shi ke ta da kwaɗayi da himmar nema. Shi ya sa ƙamshin ƙosai ke tsayar da mutum tun bai ɗanɗana ba. Daɗin kansa kuwa, wasu sinadarai ne ke taimakawa wajen kawo shi, kamar endofin.

To, ga inda haɗarin yake. Taba da giya da tiramol da kodin suna zuga wannan hanya fiye da kima. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta saba. Ƙwaya ɗaya ta jiya ba ta isa yau ba. Kwaɗayi na ƙaruwa, daɗi na raguwa, kuɗin taki da na cefane suna ƙarewa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ganin irin wannan ɓarna, a 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Iyaye su lura: ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, don haka ya fi saurin kamuwa. Wanda ya riga ya kamu, ciwo gare shi. Kada a tsangwame shi, a kai shi asibiti. Idan ya daina bisa shawarar likita, ƙwaƙwalwa kan farfaɗo sannu a hankali.

Allah ya ba kowa lafiya, amin.