Raba Mutum da Matsalarsa



A shekarun 1980, a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya, akwai wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Michael White da ake kai masa yaran da suka yi wayo amma ba su daina kashi a wando ba. Iyaye kan zo masa a gajiye. An yi magani, an yi faɗa, an yi lallashi, har gida ya tsaya a kan magana guda: yaron nan ƙazami ne. White ba ya tsare yaro da tambayar me ya sa yake yi. Sai ya sa su raɗa wa matsalar suna, kamar mu ce Kashi Mai Sanɗa, sannan a shiga bin sawunsa. Yaushe yake shammatarka? Da waɗanne abokai ya raba ka? Ke kuma uwa, ina ya kai miki fara'arki? Daga nan sai tambayar da ita ce ƙashin bayan aikin: akwai ranar da ya lallaɓo, ka riga shi isa bayi? Da wuya a rasa irin wannan rana. Ba a lissafa ta ne kawai, domin ba ta shiga labarin da gida ya saba bayarwa ba.

White da David Epston na birnin Auckland a New Zealand suka shimfiɗa wannan hanya cikin littafinsu na 1990, Narrative Means to Therapeutic Ends. Hujjarsu ita ce, mutum yana zaune ne cikin labarin da ake bayarwa a kansa, kuma idan labarin matsala ya yi ƙarfi yakan danne sauran. Epston har wasiƙa yake rubuta wa mutanen da ya zauna da su, yana mayar musu da kalamansu, su ajiye su riƙa karantawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Mukan ce zuciya ta ɗebe shi, ko Shaiɗan ya shiga tsakaninsu. Harshenmu ya daɗe da sanin yadda ake fitar da matsala daga jikin mutum a tsayar da ita gefe. Sai dai mu ne kuma muke tara yaran unguwa su bi mai fitsarin kwance da waƙar tsokana, mu laƙaba wa mace "mai baƙin hali" har sunan ya bi ta gidan miji na biyu.

A nan ne nake tsoron a yi wa hanyar gurguwar fahimta. Magidanci ya kumbura wa matarsa fuska, an zauna sulhu a zaure, ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Dattawa su ce to a yi haƙuri, a shafa fatiha, a tashi. Ai shi ma ya raba kansa da matsalar! Amma ya raba ne don ya tsere. Abin da White yake nufi shi ne, idan fushi ba kai ba ne, to kana da ikon juya masa baya, kuma za a tambaye ka me ka yi da wannan iko. Saboda haka mai sasantawa ba zai sallame shi a kan "sharrin Shaiɗan" ba. Zai ce: Malam, ta wace ƙofa yake shigo maka? Da yunwa, ko ranar da kasuwa ta ƙi? Me ya jawo wa Hajiya da yara? Ita ma a ji daga bakinta, a keɓe, bayan an tabbatar ba a mayar da ita hannun duka ba. Sannan a ce masa: ranar da ya zuga ka, ka ɗauki takalminka ka fita masallaci, wa ya gani, kuma yaya aka yi ka iya?