Wakili da Koken Mazaɓarsa



Kalmar "wakili" daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ta daɗe a bakin Bahaushe tun kafin a san akwatin ƙuri'a. A wajen ɗaurin aure, alal misali, wakilin ango shi ne mai buɗe baki ya nemi aure a madadin wanda ya aiko shi. Ba a tambayarsa abin da ya kawo daga aljihunsa, abin da ake jira kawai shi ne ya isar da saƙo yadda aka ba shi. Wannan ma'ana ce ya kamata a riƙe in ana maganar ɗan majalisa, domin a Nijeriya ta yau an juya ta: jama'a sun fi auna wakilinsu da abin da ya sauko da shi daga Abuja, ba su cika tambayar abin da ya kai can ba.

Yana da kyau a waiwayi watan Agusta na 1950. A cikin wannan wata ne Malam Abubakar Tafawa Balewa, wakili daga Lardin Bauci, ya miƙe a Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna ya kawo ƙudurin neman a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. Abin da ya ɗauko kuwa koke ne da talaka ya daɗe yana yi a zaure da bakin kasuwa: cin hanci, da zaluncin wasu masu riƙe da sarauta, da rashin wata kafa da mutumin ƙauye zai bi a ji ta bakinsa. Ƙudurin ya wuce da ƙyar. Amma daga nan aka sa jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka binciki sha'anin mulkin ƙananan hukumomi a lardunan Arewa, aka bi ta kan gyare-gyare har aka kai ga Dokar En'e ta 1954. Abin lura, ba ƙuri'ar jama'a kai tsaye ta kai Malam Abubakar majalisar nan ba, ta hannun En'e ya shiga. Duk da haka ya gane cewa kujerar ta isar da kuka ce.

To, yaya tsarin yake yanzu? Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi 'yan Majalisar Wakilai 360 da sanatoci 109. Jihar Kano tana da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutum sama da miliyan 9, watau kowane wakili yana ɗauke da mutum kusan dubu 400 tun a wancan lokaci. Aikin da aka ɗora masa shi ne yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe abin da aka ba su, kamar yadda sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike. Gina kasuwa da tashar mota da kula da maƙabarta da titunan unguwa, waɗannan Jadawali na 4 ya miƙa su ga ƙananan hukumomi 774.

Sai dai mutumin da rijiyar ƙauyensu ta ƙafe ba ruwansa da Jadawali na 4. Ƙaramar hukumarsa ta yi shekaru kuɗinta na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da sai a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Saboda haka da asuba sai ya nufi ƙofar gidan ɗan majalisa, ya tarar da layi: mai takardar magani, mai neman kuɗin jarrabawar ɗansa, mai suna gobe, mai neman a sa masa baki a ɗauki ƙanensa aiki. Ba daidai ba ne a yi wa waɗannan mutane dariya, don yunwa da ciwo ba sa jiran zaman kwamiti. Shi ma wakilin ya san in ya rufe ƙofa za a ce ya yi girman kai, zaɓe kuma na tafe.

Daga wannan matsi aka haifi abin da ake kira ayyukan mazaɓu, tun farkon mulkin Shugaba Obasanjo. Yadda abin yake tafiya shi ne, ɗan majalisa ya zaɓi aiki, a sa shi cikin kasafi a ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma, ita kuma ta ba da kwangila. Shekaru da dama ana ware Naira biliyan 100 kowace shekara don wannan, in an raba wa mutum 469 daidai wa daida kowa zai tashi da kimanin miliyan 213, ko da yake rabon bai taɓa zama daidai ba, shugabannin majalisa sun fi samu. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa an ware kusan Naira tiriliyan 1 a shekara 10 don ayyukan nan, amma ba a ga tasirinsu a rayuwar talaka ba. A wannan shekara ce hukumar ICPC ta fara bin sawunsu jiha jiha, ta tarar da gine-ginen da aka biya aka watsar, da taraktoci da kayan asibiti da aka ajiye a hannun waɗanda suka kawo aikin. Mafi wuyar bibiya su ne rabon babura da kekunan ɗinki da injinan niƙa, domin da zarar an watse daga filin taro babu mai iya cewa ga inda suka shiga.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Wakilin da ke roƙon wata hukuma ta saki kuɗin aikinsa, ta kuma ba ɗan kwangilar da yake so, da wane baki zai tuhumi shugaban hukumar nan a gaban kwamiti? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Akwai kuma koken da rijiyar burtsatse ba ta maganinsa. A dubi manoma da masunta na fadamar Haɗejiya zuwa Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogi ta sake, ciyawar kachala ta mamaye hanyoyin ruwa, wani gari ya sha ambaliya wani kuma gonarsa ta bushe. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta Gwamnatin Tarayya ce. Ma'ana, mai iya kiran shugabanninta ya tambaye su yaushe ake sakin ruwa, nawa aka ware don yashe hanyoyi, ina kuɗin ya tafi, shi ne ɗan Majalisar Tarayya. Irin wannan aiki ba a kafa masa allo a rubuta suna, yana cin shekaru, yana kuma buƙatar wakilan Kano da Jigawa da Yobe su haɗa kai ko da jam'iyyunsu sun bambanta. Shi ya sa masu yin sa ba su da yawa. A Ingila ɗan majalisa yakan ware lokaci, galibi ranar Juma'a, ya zauna a mazaɓarsa ya saurari mutane ɗaya bayan ɗaya, ba don ya raba kuɗi ba, makaminsa wasiƙa ce zuwa ga minista da tambaya a zauren majalisa. Majalisunmu ma suna da kwamitin karɓar koken jama'a, amma ƙalilan ne a karkara suka san da shi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In wakili ya yi watsi da jama'arsa fa? Sashe na 69 ya ba da damar kiranye, da sharaɗin fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a Kogi ta Yamma a kan Sanata Dino Melaye, da aka zo tantancewa a 2018 sa hannun da ya tabbata bai kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. An sake gwadawa a Kogi ta Tsakiya a 2025 a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan, hukumar zaɓe ta ce masu sa hannun ba su kai rabi ba. A duka biyun kuwa rigimar manyan 'yan siyasa ta fi bayyana a cikin maganar fiye da batun ruwa ko asibiti ko makaranta.