Mutum nawa ke kwana a Suleja?



Rabon da a yi ƙidaya a Najeriya tun 2006, kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. To, da wane lissafi ake tsara ruwan sha da azuzuwa a Suleja, garin da kullum da asuba motoci ke kwasar ma'aikata ta Madalla zuwa Abuja, da dare su dawo da su? Gumi a can, kwana da jinya da karatun yara a nan Jihar Neja.

Nemo wannan lissafi aikin ɗaliban digiri na biyu ne masu nazarin alƙaluma, ko a Minna suke, ko Lapai, ko Gwagwalada. Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna su. Sau da yawa kundi mai kauri ake dubawa da jadawalin da manhajar SPSS ta fitar, alhali ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu haɗa wa ɗalibi wannan a biya su.

Ranar kare kundi, a ajiye wa ɗalibi kwamfuta ya sake lissafin a gaban malamai. A tambaye shi: ƙarfe nawa ka shiga gidajen da ka ƙidaya? In da hantsi ne, masu gidan suna Abuja, wa ya amsa maka? Matan aure fa, wa ya shiga wurinsu? Sannan a ba shi minti biyar ya bayyana wa kansila sakamakon da Hausa ko Gwari, har kansilan ya gane unguwar da ta fi buƙatar rijiyar burtsatse.