Shirya Fita Su a Ƙungiyance da Kayak a Gaɓar Tekun Cornwall

Kayak ƙaramin kwale-kwale ne mai tsini gaba da baya, wanda mutum ɗaya ke tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne da danginsu na Greenland da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙirar itace ko ƙashi su fita farauta. Wanda masu kamun kifi ke hawa a yau na roba ne mai kauri, tsawonsa kamar mita huɗu, a kansa ake zama, kuma yana da ramuka a ƙasa da ke zubar da duk ruwan da ya fantsamo. Wannan ƙira ta ɓullo ne a Kalifoniya cikin shekarun 1970. Da yake ba shi da tsadar jirgi mai inji, ga shi ana ɗora shi a rufin mota, sai ya karɓu a Birtaniya, musamman a Cornwall, lardin da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, inda teku ta kewaye ƙasa kusan ta ko'ina. A Ingila ba a buƙatar lasisi don kama kifin teku da ƙugiya, saboda haka abokai biyar ko shida kan sa rana su fita tare.

Fita tare ta fi fita mutum ɗaya aminci, amma da sharaɗin an tsara ta. Masu yawon tuƙi zalla suna tafiya a jere, kowa na ganin ɗan'uwansa. Masu su kuwa, da zarar ƙugiya ta shiga ruwa ido ya koma kan igiyar fatsa. Wannan ya jefa anka ya tsaya cak, wancan ya bar iska tana tafiya da shi, wani kuma ya hango tsuntsaye na shawagi a kan tarin kifi ya nufi can. Kafin a ankara ƙungiya ta watse, ko ihu ba ya isa daga wannan zuwa wancan, alhali kowa ya saki jiki saboda ya san da mutane ya fito. Wannan sakin jikin shi ne babban haɗarin fita a ƙungiyance, kuma saboda shi ne ake yin yawancin shirin tun ana kan tudu.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar rashin wannan shiri a ranar 22 ga Maris, 1993, a mashigin tekun Lyme da ke lardin Dorset. Ɗalibai takwas daga wata makaranta a Plymouth, da malaminsu, da masu koyar da tuƙi biyu, suka tashi daga Lyme Regis za su Charmouth, tafiyar da ba ta wuce kilomita uku da wani abu ba, a gefen gaɓa. Tun ba a je ko'ina ba kwale-kwalen malamin ya kife. Ɗaya daga masu koyarwar ya tsaya taimakonsa, iskar da ke busowa daga tudu kuwa ta yi ta tura sauran zuwa tsakiyar teku, inda raƙuman ruwa suka cika musu kwale-kwale suka nutsar. Ba su da abin kiran agaji, kuma waɗanda ke jiransu a tudu sun ɓata sa'o'i kafin su sanar da jami'an tsaron gaɓa. Ɗalibai huɗu suka rasu. An ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya tafiyar, majalisa kuma ta kafa dokar 1995 wadda ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni. Ba kamun kifi suka fita ba, amma duk abin da ya hallaka su yana nan yana jiran masu su: iskar tudu, rabuwar ƙungiya, ruwan sanyi, da jinkirin neman agaji.

Don haka iska ake fara dubawa, kuma inda ta fito ya fi ƙarfinta muhimmanci. Iskar da ke tasowa daga teku tana tayar da raƙuman ruwa a bakin gaɓa, kowa ya gani ya ji tsoro, in ma an yi rashin sa'a tudu za ta jefo mutum. Ta tudu ita ce mayaudariya. A bakin gaɓa ruwa yana kwance lumui saboda duwatsu sun tare ta, sai an yi nisa ƙarfinta ke bayyana, a juyo kuma a tarar gaba da gaba za a yi da ita. A kudancin Cornwall, wajen Falmouth, iskar arewa ke da wannan hali. Ana auna ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort: mataki na 3 kilomita 12 zuwa 19 ne a awa, na 4 kuma 20 zuwa 28. Mai tuƙa kayak ɗauke da kayan su da ƙyar yake wuce kilomita biyar a awa ko da ruwa a kwance yake. Ƙungiyar da ke da sabon shiga ba ta da dalilin fita in hasashe ya haura mataki na 3. Hukumar yanayi ta Birtaniya tana fitar da hasashe na musamman don ruwan da ke kusa da gaɓa, ana duba shi da dare, a sake dubawa da asuba.

Sai cikowa da janyewar teku. Masuncin kogin Kwara ya san ruwa yana cika ya janye bisa lokutan shekara. A Cornwall sau biyu ake yin haka kowace rana, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25. Wata ne ke jan ragamar abin. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan ya cika a daren sha huɗu, bambancin cikowa da janyewa yakan kai maƙura, ya haura mita huɗu a Falmouth, ya zarce mita 12 a can ƙuryar mashigin Bristol. Mako guda bayan haka sai abin ya lafa. Ruwan ba ya tafiya da gudu ɗaya cikin sa'o'i shida na cikowa: a hankali yake farawa, a hankali yake ƙarewa, amma rabinsa duka a awa ta uku da ta huɗu yake wucewa. A tsinin ƙasa irin na Lizard, inda ruwa ke matsuwa ya bi ta kan duwatsu, gudunsa yakan fi na mai tuƙi, idan kuma iska ta yi karo da shi sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye. Mai shiri nagari yana zaɓar kwanakin lafawa, ya tsara yadda ruwa zai taimaka wajen dawowa, lokacin da hannu ya riga ya gaji.

Sanyin ruwa shi ne abin da baƙi suka fi rainawa. Tekun Cornwall takan sauka kusan digiri 9 a ƙarshen hunturu, ba ta cika wuce 17 ba ko a watan Agusta. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824 kuma 'yan sa-kai ke tuƙa yawancin jiragenta, tana gargaɗin cewa ruwan da bai kai digiri 15 ba yakan sa wanda ya faɗa ya ja numfashi ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, ko da gwanin ninƙaya ne. A watan Mayu rana kan yi daɗi ruwa kuwa yana nan da sanyinsa. Saboda haka sutura ta ruwa ake sawa, ko da za a yi gumi a cikinta, rigar ceto kuma a jiki take tun daga tudu. Rediyon oba-oba na VHF, da usur, da wuƙar yanke igiya, a aljihun rigar suke zama, domin wanda ya kife iska ta tafi da kwale-kwalensa ba shi da komai sai abin da ke jikinsa. Ana ɗaure filafili da igiya. Duk wanda bai taɓa gwada kifewa da gangan a ruwa mara zurfi ya sake hawa da kansa ba, bai isa fita ba tukuna, kuma faɗa masa haka ba wulaƙanci ba ne.

Kafin a tura kwale-kwale ruwa ana tsayawa a bakin gaɓa a yi magana. A naɗa jagora ɗaya wanda in ya ce a koma an koma, ba gardama. A haɗa mutane bibbiyu, gwani da sabon shiga, kada ɗaya ya ɓace wa ɗaya da gani. A yanke iyakar wurin su da alamun da kowa ke iya hangowa, a zaɓi tashar oba-oba ta hira, kamar ta 8 ko ta 72, a bar ta 16 don kiran agaji kaɗai. Nisan tafiya kuwa da ƙarfin mafi rauni ake auna shi. Sannan a bar wa wani a tudu takarda mai ɗauke da yawan mutane, launin kwale-kwalensu, inda suka tashi, inda suka nufa, da lokacin da in ya wuce ba a ji su ba zai buga 999 ya nemi jami'an tsaron gaɓa nan take. A kuma tuna cewa Falmouth tasha ce ta manyan jirage, kuma dokar zirga-zirgar teku ta duniya ta 1972 ta hana ƙaramin jirgi tare musu hanya a matsattsen mashigi.

Kifi shi ne na ƙarshe a lissafi, ko da yake dominsa aka fito. Da bazara ana samun makarel, wanda ake sayarwa a kasuwannin Najeriya da sunan titus, ana kama shi da jerin ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu. Kifin folak yana zama a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa. Kifin bas yana da doka: wanda bai kai santimita 42 ba ruwa ake mayar da shi, akwai iyakar adadin da mutum zai ɗauka a rana, kuma a bakin kogunan Fal da Helford, inda ƙananansa ke girma, an hana kama shi daga jirgi a wasu watanni. Jefa anka a ruwa mai gudu aikin gwanaye ne, domin in igiyar ta ja daga gefe nan take kwale-kwale ke kifewa. Ta gaba ko ta baya ake ɗaure ta, da ƙullin da ake kwancewa da ja ɗaya.

In an dawo ana ƙirga mutane kafin a ƙirga kifi, a kira wanda aka bar wa takarda a shaida masa an sauka lafiya. Idan kuwa da asuba aka tarar iska ta juya, to a koma wuri mai kariya cikin kogin Helford, ko a ɗage fitar gaba ɗaya. Jagoran da ba zai iya soke tafiya ba bayan mutane sun yi tuƙin sa'o'i sun iso da kayansu, bai cancanci a ba shi jagoranci ba.