Ƙyallen Tela Ba Shara Ba Ne

Yau ku ajiye littafin karatu tukuna. Za mu yi maganar allura da zare.

Kun san yadda hunturu yake a nan ƙasar Bagudo. In iska ta taso ta biyo ta kan Kwara da asuba, mutanen Lolo da Illo ba su bukatar a gaya musu. Babba ya tashi ya hura wuta. Yaro fa? Sai ya ƙudundune cikin tsohon zanen uwarsa, gari ya waye yana tari. Bargo kuwa kuɗi ne. Galibin atamfa da gwanjon da ke kasuwanninmu ta Kwatano suke biyowa, ta ƙasar Binin. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 kowa ya ga yadda kaya suka yi tsada.

To, amma ku leƙa ƙarƙashin keken tela. Me za ku gani? Ƙyallaye tuli, ja da kore da shuɗi. Da maraice yaron shago ya share, ya kai juji. Wannan abin da ake zubarwa, shi muke so mu mai da shi mayafi.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Gwado da luru, ai masaƙa siriri-siriri suke saƙawa, sa'an nan a harhaɗa da allura. Lifidin da ake sa wa dawakin sarakuna, tufa biyu ne aka cusa auduga a tsakani aka bi da ɗinki. A Abome, can kudancin Binin, tun zamanin sarakunan Dahomi ake yanka ƙyalle mai launi a ɗinka shi bisa wani, a fid da siffar zaki ko tsuntsu. Kada kuma wani ya ce aikin mata ne. Wa ke ɗinkin hula? Wa ke yi wa babbar riga aska?

Ga abin da za ku nema: ƙyallaye, allura, zare, almakashi, fensir, da guntun kwali.

Da fari a wanke ƙyallayen, a shanya, a goge. Mun san wani zai ce ɓata sabulu ne, tun da sababbi ne. Mu ma haka muka ce a karon farko. Ranar da aka wanke mayafin, jan ya zuba cikin farin, wani ƙyallen kuma ya tsuke ya ja ɗan'uwansa, abin ya zama kamar fatar da ta sha rana. Aikin wata guda ke nan. Kuma a haɗa mai kauri da mai kauri, shara-shara da shara-shara. In aka gama kaki da yadi marar ƙwari, kakin zai yage shi.

Yanzu sai awo, nan ne kuwa ilminku na aji zai yi aiki. Ku ari tef wurin tela. Ku yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 5 tsawo, inci 5 faɗi. Ku auna sau biyu kafin ku sa almakashi, gama in kwalin ya karkace, duk abin da aka yanka da shi ya karkace. A ɗora shi a bayan ƙyalle, gefensa ya bi yadda zaren saƙar ya miƙe, a zagaya da fensir, a yanka. Wanda aka yanka a gicciye miƙewa yake yi, ba ya zama wuri ɗaya.

Kowane guntu ɗaya mu kira shi ɗaki. Muna son ɗaki 9: masu duhu 5, masu haske 4. A jera su a tabarma uku-uku, kamar gurabun dara. Mai duhu a kowace kusurwa, ɗaya a tsakiya, masu hasken su cike sauran. Ɗaki tara in sun haɗu, shi ne gida ɗaya.

A bayan kowane ɗaki a ja layi da fensir, rabin inci daga baki. Kan wannan layi allura za ta bi. A ɗauki ɗaki biyu, a haɗa su fuska da fuska, a ɗinke gefe ɗaya. Ɗinkin ya zama ƙanana, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. In an yi huɗu, a koma baya da allura sau ɗaya, don ko zare ya tsinke kada duka ya warware. A ƙara na uku. Jeri ɗaya ya samu. A yi na biyu da na uku haka nan.

Ga wata dabara da ta fi sauran. Kafin a haɗa jeri da jeri, a kwantar da bakin ɗinkin jerin sama zuwa dama, na tsakiya zuwa hagu, na ƙasa zuwa dama. Da dutsen guga ake yi, in babu farce ma ya isa. In an yi haka, mahaɗan za su shiga juna, kusurwa ta sadu da kusurwa, ba tudu. A kafe mahaɗan da allura tukuna, kana a ɗinke.

To, ku yi lissafi. Ɗaki inci 5 ne. An ci rabin inci nan, rabin inci can, saura nawa? Saura 4. Huɗu sau uku, 12. Watau gidanku in ya shiga cikin mayafi ƙafa ɗaya ne cif. Yanzu dai in kun sa tef za ku ga 13, domin bakin waje bai shiga ɗinki ba. Wanda ya ga 12 ko 14, lalle ya kauce wa layi, sai ya farke ya sake. Ba abin kunya ba ne.

Gida 20, huɗu a faɗi biyar a tsawo, sun isa mayafin yaro. Ga mutum ɗaya ɗaki 180 ke nan, da yawa. Amma mu nawa ne a aji? In kowa ya kawo gida ɗaya, an gama. Ba tilas su yi kama ba. Wani ya sa mai hasken a tsakiya, wata ta yi ɗaki huɗu manya, muddin awon gidan ya zo ɗaya. Kowa kuma ya ɗinka harafin farko na sunansa a ɗakin tsakiya: Amadu ya yi A, Binta ta yi B. Sa'an nan mu shimfiɗa tsohon zane a tsakani, wani a baya, mu bi da ɗinki yadda ake wa lifidi. Na farkon da muka gama, ku za ku zaɓi gidan da ya fi bukata a ƙauyen.

Ran Litinin kowa ya zo da kwalinsa da ɗaki tara a yanke. Wanda ba shi da almakashi ya zo da ƙyallensa a wanke, akwai guda biyu wurin malamin aji.