Ilmin Halayyar Ɗan Adam a Ƙananan Kolejojin Amurka



Da yawanmu muna zaton wanda ya karanta ilmin halayyar ɗan Adam zai fito yana gane abin da ke zukatan mutane. To, a ƙananan kolejojin Amurka, inda ake so ɗalibi ya ɗanɗana kowane fanni, shekara huɗu ake yi, amma wajen sulusin darussa kaɗai ne na fannin da mutum ya zaɓa. Saura ya haɗa da tarihi, da falsafa, da harsuna. Shi kansa sulusin nan, ginshiƙinsa ƙididdiga ce da gwaje-gwaje. Al'adar ta daɗe: tun 1891 Mary Calkins ta buɗe ɗakin gwaji a kolejin mata ta Wellesley, ita ce kuwa wadda Harvard ta hana digirin dakta don kawai mace ce.

Mu sani, digirin farkon nan bai ba kowa izinin duba mai taɓin hankali ba, sai an ƙara shekaru ana horo.

Ga abin da ya fi damunmu. A 2008 Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun fannin guda shida, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu daga Amurka suke, Afirka kuwa ba ta wuce kashi 1 ba. Littattafan da aka gina a kan nazarin nan su ne za mu kawo gida mu koyar.