Eriya Mai Neman Alƙiblarta da Kanta: Ina Makomar Masu Saita Dish a Sabon Ibadan?

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu sana'ar haɗa dish, Sabo, Ibadan



Gabatarwa

A nan Ibadan aka buɗe WNTV ranar 31 ga Oktoba, 1959, gidan talabijin na farko a Nijeriya. Tun daga lokacin, mai son hoto garau sai ya juya eriya. Har gobe haka muke yi a Sabo: yaro na kan rufin kwano riƙe da sifana, maigida na ɗaki yana ɗaga murya, "Ƙara kaɗan! Dawo baya! Tsaya nan!"

Inda gizo ke saƙa

Dish kamar tocila yake, wuri guda yake haskawa. Tauraron ɗan'adam da DStv ke amfani da shi yana kan digiri 36 gabas, kilomita 35,786 sama da layin da ya raba duniya biyu. Daga Ibadan sai an fuskanci gabas, an ɗaga kai kusan digiri 52. Dish mai faɗin santimita 90 kuwa ganinsa bai wuce digiri 2 ba. Da iskar farkon damina ta ɗan ture shi, hoto ya ɗauke.

Yadda na'ura ke saita kanta

Hanyoyi uku ne. Ta farko lissafi ce, irin na fitar da alƙibla: a faɗa wa risiba inda gari yake, tsarin USALS ya lissafa kwanar, ƙaramin inji ya juya dish. Ta biyu lalube ce: eriya ta matsa kaɗan ta auna ƙarfin sigina, in ya ƙaru ta ci gaba, in ya ragu ta dawo. Aikin yaro da maigida ke nan, sai dai ba ihu.

Ta uku ita ce abin lura. Farantin Starlink, wanda ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, yana bin taurarin da ke nisan 'yan ɗaruruwan kilomita, waɗanda ke ratsa sama cikin 'yan mintuna. Babu hannun da zai iya binsu. A cikin farantin akwai ɗaruruwan ƙananan eriya, kowace na ɗan jinkirta siginarta, haɗuwarsu ta karkata hasken inda ake so ba tare da ƙarfe ya motsa ba. Da wannan dabara turakun 5G ke bin waya.

Kammalawa

Na'urar ba ta raba mu da abincinmu ba, sauya shi ta yi. A unguwa mai cunkoso kamar Sabo, har yanzu mutum ne zai zaɓi inda bene ko tankin ruwa bai tare sama ba, ya ja waya, ya kare kaya daga tsawa. Ina kira ga iyayen gida a wannan sana'a su haɗa wa yaransu sifana da karatun lantarki, tun kafin tsani ya daina kawo kuɗin cefane.